Mun kai yara gidan jakuna na Sidmouth, ga yadda ta kaya

Tun da na zo Exeter ta ƙasar Ingila aiki abokan aikina Turawa ke damuna wai lallai sai na kai yara The Donkey Sanctuary, wato gidan kula da jakuna da ke kusa da garin Sidmouth, ni kuma duk sanda suka faɗa sai dai in yi murmushi in ce to za mu je, amma a raina cewa nake yanzu ni ɗan Jigawa wanda ya tashi yana kai taki gona a kan jaki tun kafin a sa shi firamare, ni za a ce in ƙona mai in je kallon jaki? Ai kamar ka kira mutumin Argungu ne ka ce ya zo ka nuna masa kifi. Haka na yi ta zillewa har kusan shekara guda. Abin da ya karya ni hutun makaranta ne, yara biyu a gida ɗan ƙarami, ruwa kullum, ni kuma ina shif ɗin dare da rana ina son in runtsa ba hali. Ranar asabar maman yara tace Abbansu ko dai ka fitar da yaran nan ko su rushe mana gidan mutane. Na duba waya ina neman inda ba zai cinye min albashi ba sai na ga wai shiga wurin jakunan nan kyauta ne, fakin ma kyauta. Ba zan ɓoye muku ba, kyautar nan ita ta kai ni, ba son jaki ba.

Daga Exeter wajen minti 40 ne a mota idan ba cunkoso, titin A3052 zaka bi ka wuce mararrabar shiga garin Sidmouth kamar mai tafiya Seaton, akwai alluna a bakin hanya suna nuna maka inda zaka karya. Ƙarshen hanyar irin lungunan ƙauyen Devon ne, wato yankin da Exeter da Sidmouth suke, masu shingen ganye hagu da dama, idan kuka haɗu da wata motar sai an yi lallaɓa. Wanda zai taso daga Landan ya sani garin Sidmouth ba shi da tashar jirgin ƙasa, sai dai ka sauka Exeter ko Honiton ka nemi bas ko tasi, kuma in dai da yara ne gaskiya mota ta fi, don bas ɗin ƙauye a ƙasar nan in ya wuce ka to ka nemi wurin zama kawai. A buɗe suke kowace rana a shekara, kuma da gaske ba wanda ya tare mu a ƙofa yace kawo ko sisi, akwatunan taimako ne dai a wurare, in ka ga dama ka saka in baka ga dama ba ka wuce abinka.

Muna shiga abin da na fara ji warin ne, wato ba wari ba, ƙamshin nan na harawa da kashin jaki da ya sha iska, wlh sai da na ji kamar an ɗauke ni an ajiye ni a bayan gidanmu da safiyar hunturu. Sai ga su nan. Wasu a tsaye wasu a kwance kan tattaka a cikin wata ƙatuwar rumfa, wasu a fili suna kiwo. Kowanne da abin wuya an rubuta sunansa, masu ja maza, masu ruwan ɗorawa mata. Ba turke, ba dabaibayi, ba igiya a ƙafa. Ɗaya ya taho har bakin katako ya miƙo kai, ni kuma bansan sanda hannuna ya tafi bayansa ba, na shafa tun daga doro har ƙugu kamar yadda Baba yake yi a kasuwar Maigatari in zai taya jaki, ana shafawa ne a ji ko akwai miki ko tabon akumari. Babu. Sumul. Na sake shafa wani, shi ma haka. A rayuwata ban taɓa taɓa babban jaki da babu ko tabo ɗaya a gadon bayansa ba sai ranar, kuma ban taɓa ganin jakin da ka ɗaga hannu kusa da fuskarsa bai kauda kai ba. Namu kana ɗaga hannu ko ƙuda zaka kora ya riga ya runtse ido.

Babban yarona yace Abba to wane aiki suke yi? Nace ritaya suka yi. Maman yara ta kwashe da dariya tace su kam sun ci fanshonsu ba a riƙe musu ba.

Labarin yadda aka fara wurin yana nan a rubuce a bango kuma ya fi ƙarfin yadda na zata. Wata mata ce, Dakta Elisabeth Svendsen, tana da otal ita da mijinta a garin Ottery St Mary nan kusa, a 1969 ta sayi jaka ɗaya don sha'awa kawai. Daga baya ta je kasuwar dabbobi ta Exeter ta ga wasu jakuna a cushe a wahale, abin ya tsaya mata a rai, ta fara sayen irin waɗanda aka wulaƙanta tana jinyarsu. A 1973 ta yi wa abin rajista a matsayin ƙungiyar agaji. Shekara ɗaya bayan nan wata tsohuwa mai suna Violet Philpin ta rasu ta bar mata wasiyyar jakuna 204. Ku tsaya ku ji fa, gadon jaki ɗari biyu da huɗu rana ɗaya. In a wurinmu ne ai ka zama alhaji, ita kuwa nauyi ne ya hau kanta don ba sayarwa za ta yi ba ba kuma haya za ta bayar ba, ciyarwa ce har su mutu, shi yasa ta nemi gonar nan ta Slade House da wurin yake a kai har yau. Ta rasu a 2011. Yanzu jakuna da alfadarai da ke hannun ƙungiyar dubbai ne, ba duka ke Sidmouth ba, akwai wasu gonakin a Devon da ba a buɗe wa baƙi, akwai rassa a Ireland da Spain da Italiya.

To inda abin ya fara taɓa ni shi ne wajen wata dattijuwa cikin masu kula da su, tana riƙe da buroshi tana taje wani tsohon jaki da gashin fuskarsa ya yi furfura. Na tsaya muna hira nace mata ni fa a cikin jakuna na girma, sai ta ji daɗi ta hau tambayata me muke basu, nace kara da harawa da dusa in an samu, sauran kuma su nema da kansu. Nace mata mu a wurinmu in ana son a kwatanta haƙuri ko taurin kai to jaki ake kawowa. Tace ai duka biyun abu ɗaya ne kuma duka biyun mutane basu fahimce su ba. Wai jaki dabba ce mai ɓoye ciwo, doki in cikinsa ya murɗa zaka ga yana birgima yana zufa kowa ya sani, shi kuwa jaki sai dai ya yi shiru ya sunkuyar da kai, har ma ya sa baki a abinci kamar yana ci alhali ba ya haɗiyewa. Tace su a nan in jaki ya yi sanyi ya daina cin abinci to maganar gaggawa ce, likita ake kira nan take, don in ya kwana biyu bai ci ba kitsen jikinsa ke narkewa ya cika jini ya lalata hanta, kuma yana kashewa. Taurin kan kuma, wai doki in ya tsorata gudu yake, jaki tsayawa yake cak sai ya gane abin da ke gabansa tukun.

Tana magana ni kuma hankalina ya riga ya tafi wani wuri. Muna da wani jaki da ina yaro, aura muke ce masa saboda launinsa, ba shi da wani suna bayan wannan. Wata ranar bazara na ɗora masa mangala cike da taki zamu gona, muna zuwa wajen wata tsamiya ya tsaya. Na ce masa kurr ya ƙi, na ja shi ya ƙi, na tura ya ƙi. Na karyo tsumagiya na dinga zabga masa har hannuna ya gaji ina kuka don haushi saboda na san in na makara ni ma Baba zai zabge ni. Daga ƙarshe ya tafi a hankali yana ɗingishi kaɗan wanda ni ban ma kula ba. Da yamma Baba ya ɗaga ƙafarsa ta gaba ya sa wuƙa ya ƙwaƙulo wata ƙusa mai tsatsa da ta shige kofato, ruwa na bin ta. Bai ce min komai ba, ya dai wanke da ruwan gishiri ya ɗaure da tsumma. Shekara kusan talatin ban tuna da wannan ƙusar ba sai a gaban matar nan da buroshinta. Na ce mata na gode na ja yara muka yi gaba don kar ta ga idona.

Wani abin da ta faɗa min kafin nan wanda shi kuma na san shi amma ban taɓa ɗaukarsa komai ba, jakuna suna ƙulla abota bibbiyu, kuma in ka raba su ɗayan na iya daina cin abinci har ya kamu da ciwon nan na kitse. Saboda haka a wurin nan in za a kai jaki asibiti to da abokinsa ake tafiya, ɗan jinya kenan, in kuma ɗaya ya mutu sai a bar gawar a gaban abokin na ɗan lokaci ya shinshina ya gane ya tafi kenan, kar ya yi ta nema. Mu da ake sayar da ɗan jaki ranar kasuwa uwar ta kwana uku tana kuka a turke muna cewa ta cika hayaniya.

E, asibiti nace. Suna da asibitin jakuna na musamman a wata gonarsu kusa da Honiton, da ɗakin tiyata da na hoto da komai, ba a kai baƙi can don haka ni ban gani da idona ba sai a hotunan da suka liƙa. Akwai mai gyaran kofato da ke zagayowa duk bayan sati shida zuwa goma, akwai mai duba haƙora. Ni da nake jiran layin likitan haƙori tun bara, amma bar wannan maganar.

Abin dariya shi ne matsalar jakin Ingila kishiyar ta namu ce. Namu yunwa, nasu ƙoshi. Asalin jaki daga busassun ƙasashen arewa maso gabashin Afirka yake, can wajen Sudan da Somaliya, cikinsa an yi shi ne don busasshen abu mai tauri, to ka kawo shi Devon inda ciyawa ke nan kore shar shekara duka, sai ƙiba ta kama shi daga nan ciwon kofato. Shi yasa mafi yawan abincinsu a wurin tattakar sha'ir ce, wato dai kusan irin karan da muke zuba wa namu muna jin kunya, ashe shi ne daidai. Kuma shi yasa suka hana baƙi ba su abinci kwata-kwata, ko karas. Ƙaramar tawa ta ɓoyo biskit a aljihu tun daga gida don ta ba jaki, da na hana ta sai da aka yi ƙaramin yaƙi. Sannan gashin jaki ba ya tare ruwa kamar na doki, jiƙewa yake har fata, don haka ko'ina da rumfa, ana fara yayyafi zaka ga sun yi layi sun shige ciki kamar ƴan makaranta. Akwai kuma wajen da suke birgima a yashi, ina gani nace lallai jaki ba ya wuce toka ko a Turai ne.

Wurare biyu ne yara suka ƙi tashi. Na farko wajen jakunan Poitou, wani iri ne daga Faransa, manya kamar alfadari da gashi dogo da ke zubowa a duƙunƙune kamar wanda ya shekara bai ga mataji ba, in ka gan shi da dare a hanyar gona sai ka yar da takalmi. Na biyu wajen makafin jakuna, an ware musu nasu fili, suna tafiya a hankali kunne na juyawa ko ta ina, da ka yi magana sai su juyo su nufo muryar. A nan babban nawa ya yi shiru wanda ba halinsa bane, can yace Abba a gida in jaki ya makance ya ake yi da shi? Nace masa muje ku ga wancan.

Abin da ya sa na ga ya kamata in yi rubutun nan ma ba kallon bane, tsare-tsaren da suke da su ne da jama'ar gari, don ashe wurin ba gidan zoo bane kamar yadda na ɗauka. Na ɗaya akwai bada riƙo. In kana da fili da rumfa da wuri mai tauri da za su tsaya lokacin damina zaka iya nema a baka jakuna, bibbiyu suke bayarwa ba ɗaya ba saboda maganar abotar nan, sai sun zo sun duba gidanka sun koya maka kula da su, kuma jakunan ba naka bane har abada na ƙungiya ne, jami'insu zai riƙa leƙowa, in ka tsufa ko ka gaza sai su karɓi abinsu. Wannan ai kiwon da muke bayarwa ne a ƙauye, ka ba mutum akuya ya riƙe maka, bambancin kawai mu ana raba ƴaƴa, su kuwa ba haihuwa a tsarin, mazan ma duk an dandaƙe su don kar a ƙara yawan waɗanda ba su da masu riƙo. Sannan ko jakinka ne na kanka suna da masu bada shawara da za su zo har gida, kuma suna da darussa a intanet kan kula da jaki wanda kowa zai iya shiga, wannan kam ɗaliban likitan dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri ya kamata su leƙa.

Na biyu akwai abin da suke kira ɗaukar jaki, wanda ba ɗauka bane, ƴan fam kaɗan zaka riƙa biya a wata su aiko maka da hoto da takarda da labarin yadda jakinka yake. Ƙaramar ta nace, na biya mata, yanzu hoton jaki ne a manne jikin firij ɗinmu kusa da jadawalin sallah, in baƙi suka zo sai na yi bayani.

Na uku shi ne wanda ya fi burge maman yara saboda ita a makarantar yara masu buƙata ta musamman take aiki. Tun shekarun 1970 Svendsen ta fara kawo yara masu nakasa wurin jakuna, da can har hawa ake yi, yanzu an fi yin abin a ƙasa, yaro ko babba da ke fama da damuwa ko firgici ko wanda ba ya iya mu'amala da mutane sai a haɗa shi da jaki a fili, ya tsaya kusa da shi, ya taje shi, ya ja shi. Hikimar ita ce jaki ba ya zuwa wurinka in kana a hargitse, sai ka nutsu shi ma zai nutsu, to yaron da kansa zai koyi saukar da numfashi ba tare da wani ya yi masa wa'azi ba. Ni da farko na ɗauka irin ƙaƙale-ƙaƙalen Turawa ne, amma tace ita ta ga yaron da ba ya barin kowa ya taɓa shi ya kwantar da kai a wuyan dabba, ba ta musun abin. Abin takaici dai a 2024 ƙungiyar ta rufe ƙananan cibiyoyinta na Birmingham da Manchester da Leeds da Ivybridge saboda tsadar gudanarwa, kuma akwai ƴan uwanmu da yawa a wasu daga cikin biranen nan, don haka wanda ke can yanzu tafiya ce mai nisa.

Yanzu maganar da muka yi ta ja a mota har gida. Kuɗin da ke shiga ƙungiyar nan miliyoyin fam ne gommai a shekara, babban kaso daga wasiyya, tsofaffi ne ke mutuwa su bar wa jakuna gida ko ajiyar banki. A wurin ma zaka ga bango da benci da bishiyoyi duk da sunayen waɗanda suka rasu suka bar wani abu. Ni kuma a gidan kula da tsofaffi nake aiki, akwai wanda wata shida ba wanda ya leƙo shi ko a waya, ni nake yanke masa farce ni nake sauraron labarin da ya ba ni sau hamsin. Sai na ce wa maman yara wannan wace irin ƙasa ce, jaki yana da ɗan jinya mutum ba shi da shi. Kuma in ka tuna asibitin ƙauyenmu da ba wuta ba ruwa abin sai ya ƙara tsaya maka a wuya. Ita kuma tace to jakin ne ya hana a ziyarci tsohon? Tace ka manta mace ta shiga wuta saboda mage, wani an gafarta masa saboda ya shayar da kare, kuma Annabi sallallahu alaihi wasallam da ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska la'antar wanda ya yi ya yi, shi kansa yana da jaki har da suna. Tace mu ke da hadisan su ke da rumfar. Na yi shiru ba don na yarda gaba ɗaya ba, har yanzu akwai abin da bai kwanta min ba a lissafin, amma ban samu amsar da zan ba ta ba kuma muna kan lungun nan mai shinge ina buƙatar hankalina.

Inda na daina ganin abin a matsayin wasan masu kuɗi shi ne wani ɗaki da suka yi bayanin cinikin fatar jaki. Wannan kam labarin gidanmu ne. A China ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu kamar danƙo mai suna ejiao ana sa shi a maganin gargajiya da kayan gyaran jiki, kasuwar ta buɗe har jakunansu suka ragu daga wajen miliyan 11 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan 2, sai dillalai suka juyo Afirka. Ƙiyasin da ƙungiyar nan ta fitar a 2024 shi ne aƙalla jaki miliyan 5.9 ake yankawa duk shekara saboda fata kawai. Duk wanda ya san Maigatari ko Mai'aduwa ya ga manyan motoci cike da jakuna suna yin kudu, har Ezzamgbo a jihar Ebonyi inda ake yanka su, kuma kowa ya san yadda kuɗin jaki ya tashi har talakan da nasa ya mutu ko aka sace ba ya iya maye gurbinsa, ɗiban ruwa da itace ya dawo kan mata da yara. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Burkina Faso ma haka. Ƙungiyar nan ce ta fitar da rahoto a kan lamarin tun 2017 ta yi ta bin gwamnatoci ita da wasu ƙungiyoyin, har a watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka a taronsu na Addis Ababa suka amince da hana yanka jaki don fata a nahiyar baki ɗaya. Ko dokar na aiki a bakin boda wannan kuma ku da kuke gida kun fi ni sani. Suna kuma aiki a Habasha, kuma a tsibirin Lamu na Kenya inda jaki ne motar gari suna da asibitinsa tun 1987. Da na karanta wannan sai na koma na saka wani abu a akwatin da na wuce ɗazu ina kauda kai.

Sauran ƙananan abubuwa ga mai niyyar zuwa. Akwai gidan abinci a ciki, The Kitchen, gilashi ne kana ci kana kallon jakuna da teku daga nesa. Mu shayi muka sha da burodin nan nasu na scone da kirim da jam, a Devon kirim ake fara shafawa sannan jam, maƙwabtansu na Cornwall jam suke farawa, kuma wai wannan rigima ce ta gaske tsakaninsu, kowa dai da irin tasa. Abincin rana dambun da maman yara ta ƙullo muka ci a benci ba wanda ya hana. Akwai kanti na tsaraba, ku ja hannun yara ku wuce da sauri in ba haka ba kyautar shigar nan za ta fita ta nan. Akwai wani lambu mai ruɗani da ake shiga a ɓata, yara sun so shi, ni na gaji. Akwai hanyar ƙafa da ke gangarawa har bakin teku a Weston Mouth, gangarar daɗi, hawowar ce aiki, kar ku gwada da keken jariri, mu mun yi rabi muka juyo. Ku sa takalmin da ba kwa jin tausayinsa don in an yi ruwa caɓi ne a wasu wuraren, ni da farin kambas na je, laifina ne. Ana barin mutane su shigo da karnuka in suna da igiya kuma Turawa suna zuwa da su sosai, wanda ba ya son kare ya shinshine masa wando ya sani tun yanzu. Azahar da la'asar a kan ciyawa muka yi gefen mota, ba wanda ya ko kalle mu sai wani jaki ta bayan shinge. Awa uku zuwa huɗu ya ishe ku.

In maki ne ina ba su huɗu da rabi cikin biyar, rabin da na cire na nisa ne ga wanda ba shi da mota, wannan kuma ba su suka ajiye Devon a inda take ba.

Da daddare na kira Baba ta bidiyo, bayan mun gaisa nace Baba yau fa wurin jakuna muka je, na tura hotuna wayar ƙanina ya nuna masa. Ya daɗe yana kallo yana matso da wayar kusa da ido, yace kai waɗannan ai sun ƙoshi, nawa-nawa suke sayarwa? Nace Baba ba a sayarwa. Yace haya suke bayarwa kenan. Nace a'a, ba sa aikin komai, ci kawai da kwanciya, in sun yi ciwo a kai su asibiti. Ya yi shiru, can yace to su wa ke kai musu taki gona? Nace tarakta. Yace Allah mai iko. Har zan yi sallama sai nace Baba kun tuna auran nan namu da ƙusa ta shiga ƙafarsa? Yace wanda ka kusa kashewa da duka a gindin tsamiya? Ashe ya sani, mai gonar gefe ne ya faɗa masa tun a ranar. Yace shekara goma sha ɗaya ya ƙara yi mana bayan nan, sannan yace in gaishe da yara, kati na ci.